Mai Zuciya Uku da Hannu Takwas

Ni 'yar tudu ce gaba da baya. Ruwa mafi girma da na taɓa gani kafin in hau jirgi shi ne dam ɗin Tiga, shi ma daga nesa na tsaya ina riƙe da takalmina. Kifi kuwa na san tarwaɗa, na san karfasa, na san busasshe na miyar kuka, iyakar ilimina ke nan. To mace irina ce aka wayi gari wai dabbobin teku ne za su nuna ko ƙwaƙwalwar 'yata lafiya take ko akwai matsala.

Lokacin watanmu bakwai a Manchester. Karatun digiri na uku ya kawo ni, na taho da 'yata ɗaya tilo mai shekara bakwai, babanta kuma ya tsaya a Kano saboda aikinsa. Muna zaune a wani ɗan flat a Old Trafford, saman shagon wani mai gyaran waya. Ran da ake buga ƙwallo ko ƙofa ba ma leƙawa, don titi cika yake da ƙarti masu jajayen riguna suna waƙa kamar an biya su. Sauran ranaku kuwa da safe in kai ta makaranta, in ruga jami'a, ƙarfe uku in rugo in ɗauke ta.

Wata Laraba na je ɗaukarta sai malamar ajinsu ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce ko ina da minti biyar. Baturiya ce doguwa, mai irin murmushin nan da ba ka gane alheri za a faɗa maka ko akasinsa. Ta zaunar da ni kan kujerar yara, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Ajin duk an lulluɓe shi da shuɗiyar takarda, ga kifayen kwali suna reto daga silin.

Ta ce a zangon nan darasinsu a kan teku ne. Kullum da safe yara suna zama a kan kafet, ita kuma ta ɗauki kati ta karanta siffofin wata dabba ba tare da ta faɗi sunanta ba, yara su ɗaga hannu su canka. Ta ce wasan ya shiga ran yaran, har waɗanda ba su daɗe da fara jin Turanci ba suna tsalle suna ihu. Mako shida ana yi, 'yata ba ta taɓa ɗaga hannu ba. In kuma ta kira sunanta ta tambaye ta ita kaɗai, sai ta sunkuyar da kai, ko uffan. Ba ta kallon mutum a ido. Rubutunta yana da kyau, amma malamar ta ce ba za ta iya rantsuwa ba ko ganewa take ko kwafa take daga na kusa da ita. Da farko ta ɗauka baƙunta ce, to amma wata bakwai ai an wuce baƙunta.

Sai ta miƙo mini abu biyu. Na farko katunan wasan ne da ta kwafa mini in gwada a gida. Na biyu fom ne. Ta ce in fara kai ta wurin GP, wato likitan unguwa, a duba kunnenta, in kunne lafiya lau ne, to in sa hannu a fom ɗin a kira masu duba ƙwaƙwalwar yara su zo su gan ta.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da saurin hawa. Na miƙe, kujerar ta biyo ni ta faɗi. Na ce mata yarinyata lafiyarta ƙalau, a Kano ita ke zuwa ta biyu a aji, kuma ba kowane yaro ne aka haifa da bakin aku ba. Na fizgi hannun yarinyar muka fita. Ko sallama ban yi wa matar nan ba.

Amma kafin mu kai gida fushin ya tsiyaye, tsoro ya maye gurbinsa. Akwai abin da malamar ba ta sani ba, ni na sani. Tana shekara biyu ta yi wani zazzaɓi mai zafi har ta sanƙame a hannuna, idonta ya kakkafe. Likita ya ce ba abin da zai biyo baya. Sai dai wata tsohuwa da ta zo dubiya ta ce, a gabana, irin wannan yakan taɓa kai, sai yaro ya girma ake gani. Shekara biyar na binne maganar nan, ranar ta taso ta zauna mini a ƙirji.

Allah Ya yafe mini, na shiga wurin GP ina addu'ar a ce kunnen ne. A ce datti ne ya toshe, a ɗiga magani, mu wuce wurin. Likitar ta leƙa dama ta leƙa hagu, aka tura mu gwajin ji, aka sa mata abin saurare a kai tana danna maɓalli duk lokacin da ta ji ƙara. Aka ce jinta garau. Likitar tana murmushi tana taya ni murna, ni kuwa ba murna nake ba, don in ba kunne ba ne to saura abu ɗaya.

Daga nan na fara sa mata ido, kuma duk abin da ta yi sai ya zama alama. In na kira ta ta ɗan jinkirta, alama. In ta zauna tana kallon taga, alama. Da ma ita ba mai surutu ba ce, ni kuma tun da muka zo kaina yana cikin kwamfuta, na kasa ma tuna ranar da muka yi hira mai tsawo da ita.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ce yau sai na gani da idona. Na kashe talabijin, na jawo kujera, na sha kunu.

"Zo nan. Zauna. Kalle ni nan."

Na zaro katin da ko ni na san amsarsa. Ƙafata goma, biyu daga ciki kamar almakashi, kuma a karkace nake tafiya. Ƙaguwa ce, wa bai san ƙaguwa ba? Na karanta da Turanci, ta sunkuyar da kai. Na fassara da Hausa, ta kama murza bakin rigarta. Na sake, na sake.

"Ba da ke nake magana ba? Mene ne wannan? Buɗe baki!"

Hawaye ya ɗiga a kan kafet, ɗaya, biyu. Ko motsi leɓenta bai yi ba. Na watsar da katunan na shige kicin, na kunna famfo don kada ta ji, na yi kuka har na gode Allah.

Ban gaya wa babanta ba. Danginsa da ma ba su so na taho da ita ba, sun ce in bar ta wurin kakarta in je in yi bokona. In ya kira sai in ce lafiya lau, makaranta lafiya lau, sanyi ne kawai. Fom ɗin yana cikin jakata, na cike komai ban da sa hannu, kuma Litinin aka ce in mayar. Na san duba yaro ba laifi ba ne, ni da nake karatun kimiyya. Amma a raina sa hannun nan daidai yake da in ce tsohuwar nan ta yi gaskiya.

Da safiyar Juma'a Goggo ta kira. Ƙanwar babana ce, tana Birmingham tun ina firamare, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure sun watse. Gaisuwa kawai muka yi ta ce, "Ke, me ya same ki?"

Na ce ba komai, Goggo, aiki ne.

"Aikin gidanku. Ki ɗauko min ƙawata ku taho gobe. Ba shawara na ba ki ba."

Haka muka hau doguwar mota da safiyar Asabar ana yayyafi. Yarinyar ta zauna jikin taga tana kallon tumaki a filaye, ni ina kallonta. Daga tsakiyar gari muka hau bas zuwa Small Heath. Unguwar Goggo in ka sauka sai ka ji ƙanshin gasasshiyar kaza da na burodin Larabawa, ga mahauta na halal a jere, ga mata da hijabi suna tura kekunan jarirai. Gidajen duk iri ɗaya, manne da juna, sai da na kira ta ta fito bakin ƙofa tana ɗaga mana hannu kamar yadda nake yi duk zuwa.

Gidan ya ɗau zafin hita da turaren wuta. Mun tarar da maƙwabciyarta, wata Hajiya 'yar Gana, Bahaushiyar zango da aka haifa a bakin teku, tana dafa abinci a wata makarantar firamare. Ta kawo soyayyen kifi da yajinsu baƙi mai mai, Goggo kuma ta tuƙa tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa. Goggo ta rungume yarinyar tana tsokanarta, wai ta zo ƙasar Turawa ta rame kamar tsinken tsire, wa zai aure ta a haka. Yarinyar ta yi ɗan murmushi. Ni kuwa loma uku na yi na tsame hannu.

Bayan azahar na bi Goggo kicin da kwanuka, na jawo ƙofa, na zazzage mata komai. Ba ta katse ni ba. Ta sa tabarau ta duba fom ɗin gaba da baya, ta ajiye shi a kan firji.

"Ina katunan?"

"Goggo, kada ki wahalar da kanki. Na gwada ta, wallahi ko ƙaguwa ba ta sani ba."

"Wa ya ce miki gwada ta zan yi? So nake in ga abin da ya gagari mai digiri uku. Ke dafa mana shayi."

Ta fita falo ta miƙe ƙafa a kan kafet, ta jingina da kujera. Ina jiyo su ta ƙofa. Yarinyar tana can lungu kusa da hita da kofin lemo a hannu, ba wanda ya kula ta. Goggo ta zaro kati ɗaya, ta karanta da Turancinta na asibiti da kasuwa, sannan ta juya wa Hajiya da Hausa.

"Wai zuciyata uku. Jinina shuɗi ne. Hannuna takwas. In na tsorata sai in feso tawada in gudu. A'uzubillahi! Hajiya, wannan ai aljani ne. Zuciya uku? Mu guda ɗaya ma ta ishe mu da hawan jini."

Hajiya ta tuntsire da dariya, ta ce ta san shi, masunta suna kamo shi a garinsu, sunan ne na Turanci ya ɓace mata.

"Kada ki faɗa min, ni zan gano abina. Gizo-gizo ne."

"A cikin ruwa?" in ji Hajiya.

"To kunama ce."

"Kunama da tawada?"

"Yo na sani ko ta yi makaranta? To dorina ce. Dorina na ce!"

Na ɗauko tiren shayi na iso bakin ƙofa ke nan, sai na ji wata 'yar dariya daga lungun hita. Sannan wata murya ƙarama ta ce, "Kaka, octopus ne fa."

Tiren ya karkace, shayi ya zubo mini a yatsa, ban ji zafinsa ba. Na tsaya cik a bayan ƙofa.

Goggo ko waiwayowa ba ta yi ba. "Ke tafi can, ƙarya kike. Babu wata halitta mai wannan suna."

"Allah akwai, Kaka!"

Sai ga yarinyar ta ajiye kofi ta taso, ta karɓi katin daga hannun Goggo ta juya bayansa, inda hoton yake. "Ga shi. Kuma ba shi da ƙashi ko ɗaya. In ya ga ɗan rami ƙarami sai ya matse ya shige, in dai bakinsa zai wuce."

Wannan maganar ta ƙarshe ba ta cikin katin. Na sani, don na karanta katunan nan har na kusa haddace su. A aji ta ji, ta gane, ta riƙe.

Goggo ta riƙe haɓa tana kallon hoton. "Ikon Allah. Kai kamar tulu. To zauna nan ki taimake ni, Hajiya tana so ta kunyata ni a gidana."

Ta zaro wani. Kaina irin na doki ne, ina kama ciyawar ruwa da wutsiyata, kuma a wurinmu namiji ne ke ɗaukar ciki ya haihu. Goggo ta ajiye katin ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah Ka kai mu garin nan!" Hajiya ta yi dariya har da buga cinya. Yarinyar ta ce seahorse ne, kuma ɗan mitsitsi ne, bai kai tafin hannunta ba. Suka zo kan wanda ba shi da ƙwaƙwalwa, ba shi da zuciya, ba shi da ƙashi, amma in ya taɓa ka sai ka yi ihu. Hajiya ta ce wannan ya taɓa harbinta a ƙafa tana yarinya, har ta ɗage zane ta nuna wurin, amma yarinyar ce ta riga ta faɗin jellyfish. Turancin nata ma ya juye irin na yaran Manchester, ta hanci, ni ban taɓa lura ba.

Kati ɗaya Goggo ta ci da kanta. In aka tsorata ni sai in kumbura in zama kamar ƙwallo. Kafin kowa ya buɗe baki ta ce, "Talibambam! Wannan kam na riga ku. Muna yara a Wudil masunta suna jefo mana shi, mu yi ta sosa masa ciki yana kumbura." Yarinyar ta ce a ajinsu pufferfish ake cewa, kuma na teku har ƙaya gare shi. Ta maimaita talibambam sau uku tana dariya, wai sunan ya fi na Turanci dacewa da shi.

Ni dai ina tsaye, tire a hannu, hawaye yana bin fuskata yana shiga bakina. Alhamdulillahi kawai nake ta maimaitawa a zuci. Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga kaina irin na ranar nan ba.

Sai aka zo kan wanda ya fi kowace dabba girma, mai numfashi ta wata ƙofa a tsakar kansa. Goggo ta ce wannan ƙaton kifin nan ne, ta taɓa ganinsa a talabijin yana feso ruwa sama.

"Whale ne, Kaka. Amma ba kifi ba ne. Nono yake ba 'ya'yansa, kamar saniya."

Tana rufe baki ta ɗago kai, ta hango ni a bakin ƙofa. Dariyar ta ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta. Ta saki katin, ta ja baya, ta sunkuyar da kai, ta kama murza bakin rigarta, daidai yadda ta yi mini ranar Alhamis.

Goggo ta dube ta, ta dube ni. "To, ga dodon ya fito. Ajiye tiren nan ki zauna, ke."

Na zauna a bakin kujera. Goggo ta jawo yarinyar jikinta.

"Ƙawata, duk kin san waɗannan abubuwa, me ya hana ki faɗa wa malamarku?"

Ta saci kallona.

"Rabu da uwarki. Ni na goya ta, har fitsari ta yi min a baya. Nan gidana ne, ba mai taɓa ki."

Da ƙyar muryar ta fito. "Ai ta sani."

"Wa ya sani?"

"Malama. Hoton yana bayan katin, tana gani."

"To sai me?"

"In babba ya tambaye ka abin da ya riga ya sani, ai faɗa ne. Umma in ta ce wa ya zubar da madara, ta san ni ce. In na amsa sai ta ce ina mayar mata da magana." Ta ƙara lafewa a jikin Goggo. "Kuma malama sai ta durƙuso dab da fuskata ta ce in kalle ta. Umma ma in na yi laifi haka take cewa, kalle ni nan. Ni ban san laifin da nake yi mata kullum ba, shi ya sa nake yin shiru."

Hajiya ta ce, "Wayyo, 'yar nan."

Goggo ta ce, "To sauran yaran da suke ɗaga hannu fa? Kin ga ana dukan su?"

"Su ai ba 'ya'yan Umma ba ne. Ran da aka fara kai ni, Umma ta ce nan ƙasar mutane ce, ban da iyayi, ban da ɗaga murya a gaban manya, kada in ja mata magana."

Wallahi na faɗa. A bakin get ɗin makarantar na faɗa, ina gyara mata ɗankwali, kamar yadda uwata ta faɗa mini ran da aka kai ni makarantar kwana. Na faɗa na manta kafin in kai tashar bas. Ita kuwa ta ɗauke shi ta riƙe wata bakwai.

"Amma ina faɗa a zuciyata," in ji ta, kamar mai neman a rage mata laifi. "Kullum ina faɗa. Sau biyu kawai na yi kuskure."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, dariya da kuka a haɗe, har yarinyar ta tsorata. Na sauka daga kujera na fuskanci gabas na yi sujada a kan kafet ɗin Goggo, cikin ɓarɓashin biskit. Da na ɗago na jawo ta na ƙanƙame, na ce ba ki yi laifin komai ba, kin ji ko, ba ki taɓa yi wa malama laifi ba. Kunya kuwa ta kama ni har wuya, amma daɗin ya fi kunyar yawa nesa ba kusa ba.

Goggo ba ta raga mini ba. Ta ce an ba ni yarinya mai jin magana na rasa abin yi da ita sai in kai ta a auna mata kai, alhali nawa kan ne ke son awo. Ta ce ladabin da muka taso da shi ba laifi ba ne, amma ba a shiga da shi aji a ƙasar nan, a bakin ƙofa ake ajiye shi a ɗauka in an tashi. Hajiya ta ce ita ma babbar 'yarta sai da aka kira ta makaranta a kan rashin kallon ido, shekarun baya. Daga baya na tambayi Goggo ko da gangan ta yi ta kiran kunama da dorina don ta jawo yarinyar. Ta rantse ita ba ta taɓa jin labarin mai zuciya uku ba sai ranar. Har yau ban san gaskiyarta ba.

A motar komawa ranar Lahadi na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce tambaya iri biyu ce. Akwai ta faɗa, wannan tawa ce, kuma ni ma zan rage. Akwai ta makaranta, wadda malama ta san amsa amma so take ta ji ko ke ma kin sani, kuma in kin amsa daɗi take ji. Ta juya maganar, sannan ta ce, "Ko da ta ce in kalle ta?" Na ce ko da ta ce ki kalle ta. Sai ta zaro katunan daga jakata ta ce to bari ita ta tambaye ni. Hannuna biyar, ba ni da jini, in ɗaya ya gutsure sai wani ya tsiro. Na ce ƙadangaren ruwa. Ta yi dariya har wata tsohuwar Baturiya a kujerar gaba ta waiwayo, sannan ta nuna mini hoton, wata dabba ce mai siffar tauraro.

Litinin na je da wuri, na sami malamar tana jera kujeru. Na fara da ba ta haƙuri a kan tsiwar da na yi mata, abin da ba ya zo mini da sauƙi. Sannan na faɗa mata abin da yarinyar ta ce, kalma da kalma. Matar nan ta dafe ƙirji, fuskarta ta yi ja, ta ce ita durƙusawar da take yi don yarinyar ta saki jiki ne. Na ce na sani, a wurinmu ne abin yake da wata ma'ana. Muka yi shawara a ajiye fom ɗin zuwa 'yan makonni, ita za ta daina tsare ta da ido, in kuma ba a ga canji ba ni da kaina zan sa hannu.

Litinin ba ta ɗaga hannu ba. Talata ma haka, Laraba ma haka. Ban tambaye ta ba, na dai cije.

Ranar Alhamis ina tsaye a bakin get cikin iyaye, ruwa yana ɗiga daga lemata, sai ga ta ta fito jaka tana reto a kafaɗa ɗaya. Ba ta jira mun fita daga cikin mutane ba.

"Umma, na ɗaga hannu."

"Me aka tambaya?"

"Wanda yake barci da ido ɗaya a buɗe."

"Kika ce me?"

"Na ce shark." Ta gyara jakar a kafaɗarta. "Ba shi ba ne. Dolphin ne."

Ta tsaya tana kallon fuskata, ido cikin ido, tana jira ta ga abin da zan yi.

"Da ƙarfi kika faɗa?"

"Har na baya sun ji. Wani ma ya yi dariya."

Na ce madalla, gobe ma ki ɗaga, ko kin tabbata ko ba ki tabbata ba. Na karɓi jakarta na rataya, muka kama hanyar gida a ƙarƙashin lema ɗaya tana ba ni labarin yadda dolphin yake kwantar da rabin kansa ya bar rabi a farke. Rabin maganar da Turancinta na hanci take yi, ban gane duka ba, ban kuma katse ta ba har muka hau bene.